Yadda za ka ci gaba da karɓar kuɗin rashin aiki a Amurka bayan ka koma wata jiha

Idan aiki ya tsaya wa mutum a New York, abin da ya fara matse shi kuɗin haya ne. Shi ya sa 'yan'uwanmu da yawa, daga 'yan zangon Ghana da ke Bronx har mutanen Nijar da na Najeriya, sukan tattara kayansu su nufi Columbus ko Greensboro ko Houston ko Atlanta, inda akwai ɗan'uwa mai ɗaki kuma rayuwa ta fi sauƙi. Tambayar da ke biyo baya kullum ɗaya ce: kuɗin rashin aikin da nake karɓa duk mako fa, za su yanke idan na bar jihar?

Ba za su yanke don ka tashi ba. Dokar Amurka ta yarda mutum ya zauna a wata jiha yana karɓar kuɗinsa daga wata, kuma jihohin duka suna da yarjejeniya a tsakaninsu kan haka. Masu rasa kuɗinsu a lokacin ƙaura galibi wasiƙa ce ta wuce su, ko rahoton mako ɗaya suka tsallake, ko suka ɓoye tashin don tsoro. Duk waɗannan ana iya kauce musu.

Fayil ɗinka ba ya tashi tare da kai

Tun daga dokar 1935 da ta kafa inshorar rashin aiki, wadda daga cikinta ake biyan waɗannan kuɗi, gwamnatin tarayya shimfiɗa kawai take yi, kowace jiha ce ke tafiyar da nata tsarin da nata dokoki. Kuɗin suna fitowa daga harajin da kamfanin da ka yi wa aiki ya biya a kan albashinka, kuma ya biya ne ga jihar da ka yi aikin. A Alaska da New Jersey da Pennsylvania ma har ma'aikaci ana cirar masa ɗan kaso. Saboda haka jihar da ka yi gumi a cikinta ita ce mai biyanka, ko da ka koma ƙarshen ƙasar. Wanda ya bar ƙauye ya koma birni, gonarsa tana nan inda ya bar ta, can zai riƙa aikawa a ɗebo masa amfani. Ka riƙe sunaye biyu: jiha mai biya, da jihar zama.

Abin da wannan ke nufi a aljihunka yana da girma. Adadin da ake ba ka duk mako da yawan makonnin da suka rage maka ba sa canzawa don ka sauya gari. New York tana biya har mako 26, kuma a Oktoban 2025 mafi yawan abin da take bayarwa a mako ya tashi daga dala 504 zuwa 869. Florida kuwa ba ta wuce dala 275, kuma idan rashin aiki bai yi yawa a jihar ba mako 12 kacal take biya. Wanda ya buɗe fayil, wato ya shigar da buƙatar a biya shi, a New York ya koma Florida zai ci gaba da karɓar na New York. Wanda ya yi aiki a Florida ya koma New York ba zai ga ƙarin ko sisi ba.

To ka ji abin da ba a yi: kada ka isa sabuwar jiha ka je ka buɗe sabon fayil. Ba ka da albashi a rajistarsu, za su ƙi ka, kuma kwamfutocin jihohin suna magana da juna. Fayil biyu da lambar Social Security ɗaya, wato lambar shaida da gwamnati ke ba ma'aikaci, yakan sa a dakatar da biya har sai an bincika, binciken kuma yana cin makonni.

Kafin ka ɗaure kaya

Ka shiga asusunka na intanet tun kana tsohon gida, ka sauke duk abin da ke ciki: takardar da ta nuna nawa za a riƙa ba ka, ranar da shekarar fayil ɗinka, wato mako 52 daga buɗe shi, za ta cika, tarihin biyan da aka yi maka, da duk wata wasiƙa. Ka haɗa da takardun albashinka na wata goma sha takwas da suka wuce da takardar sallama daga aiki idan an ba ka. Waɗannan su zauna a jakar hannu tare da fasfo da katin zama, kada su shiga kwalin da za a loda a mota.

Sannan ka buɗe littafin ƙa'idoji na jiharka, wanda kowace hukuma take ajiyewa a shafinta, ka nemi wurin da ya yi magana kan masu zama a wajen jihar. In Turancin ya yi maka nauyi, ka kira su ka nemi tafinta. Hukumomin da ke karɓar kuɗin tarayya wajibi ne su samar maka da tafinta kyauta, kuma ka ambaci Hausa kai tsaye, ko Faransanci in shi ya fi maka sauƙi. Na fi son mutum ya yi haka a kan ya dogara da "wani ya ce min" na majalisa, domin wanin nan a wata jiha ya karɓi nasa, dokarsu daban.

Idan ka samu mutum a waya, ka tambaye shi abu huɗu: a ina zan yi rajistar neman aiki idan na koma, kwana nawa nake da su kafin in yi, neman aiki nawa ake so duk mako, kuma akwai wata ganawa da aka sa min wadda sai na zo da kaina? Ka rubuta ranar kiran da lokacin da abin da aka faɗa maka.

Maganar kuɗi kuma, in ta katin hukuma ake biyanka, ka mayar da biyan ya riƙa faɗawa asusun bankinka kai tsaye tun kafin tafiya, kuma ka zaɓi bankin da ke da reshe a inda za ka. Katin da ya ɓace ko ya ƙare, sabonsa ta gidan waya yake zuwa, ga adireshin da ke fayil. Lambar wayarka ma kada ka canza ta yanzu. Jihohi da yawa suna tantance mutum ta shafin intanet na ID.me ko makamancinsa, lambar shiga kuma wayar nan ake turo wa.

Sauya adireshi, kuma a wuri uku

Ranar da ka sauka, ko kashegari, ka shiga asusunka na jiha mai biya ka sa sabon adireshi. Wannan shi ne na farko kuma shi ne mafi nauyi. Na biyu gidan waya, wato USPS, don a riƙa juyo maka wasiƙu. Kada ka ɗauka na biyun ya wadatar: wasiƙun hukumar rashin aiki da yawa gidan waya ba ya juya su, mayar wa hukumar yake yi, ita kuma idan wasiƙa ta dawo mata takan tsayar da biya har sai ta ji daga gare ka.

Na uku ya shafi duk wanda bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, har da mai katin zama na dindindin. Doka ta ce ka sanar da hukumar shige da fice, USCIS, sabon adireshinka cikin kwana 10, ta intanet ko da fom AR-11. Wannan ba hukumar rashin aiki ce ke nema ba, amma zarensu ɗaya ne. Ana biyanka ne muddin kana da izinin aiki. In katin izinin aikinka ya kusa ƙarewa, sabon kuma ya tafi tsohon gida, biyanka zai iya tsayawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Nasan abin da wasu ke yi: su bar adireshin abokin zama na da, su ce ya riƙa ɗaukar hoton wasiƙa yana turowa. Ban ba ka shawarar haka ba ko kaɗan. Duk mako kana rantsuwa cewa bayananka gaskiya ne, kuma kowane shiga da ka yi asusunka yana nuna daga inda ka shiga. Tashin da doka ta halatta maka, ɓoye shi ne kawai zai mayar da shi laifi. In kana zaune gidan ɗan'uwa ne, ka tabbata an rubuta sunanka a akwatin wasiƙa.

Makon tafiya

Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Sharaɗin biyan kowane mako uku ne: kana da lafiyar aiki, kana shirye ka karɓi aiki in an ba ka, kuma kana nema. Rahoton mako da kake cikewa waɗannan yake tambaya. Ranakun da kake kan hanya da motar kaya, ba ka shirye ka fara aiki ba, kuma gaskiyar da za ka faɗa kenan. Wata jiha za ta rage maka kuɗin ranakun, wata za ta hana ka makon gaba ɗaya. Makon da ba a biya ka ba yawanci bai ɓace ba, kuɗinsa suna nan a ragowar fayil ɗinka muddin shekarar ba ta cika ba.

Dabara mai tsafta ita ce ka taƙaita tafiyar. Daga Bronx zuwa Columbus tuƙin yini ɗaya ne, Houston kuwa sai kwana biyu ko uku. Ka duba yadda jiharka take ƙirga mako, domin a New York daga Litinin zuwa Lahadi ne, a yawancin jihohi kuma daga Lahadi zuwa Asabar. Ka shirya yadda tafiyar ba za ta ratsa makonni biyu ba, kuma ka yi neman aikin makon tun kafin ka hau hanya. Neman aiki a garin da za ka koma ma yana shiga lissafi.

Ko ana ha-maza-ha-mata, kada ka tsallake rahoton. New York duk mako take karɓa, Texas da California duk mako biyu. Ka sa ƙararrawa a waya. Wanda ya yi shiru na wasu makonni fayil ɗinsa yakan rufe, sai ya sake buɗewa, kuma makonnin da suka wuce ba lalle a biya shi su ba.

Rajista a sabuwar jiha

Ga inda jihar zama take shigowa. Ba ta biyanka, amma ita ce za ta taimaka maka neman aiki, kuma yawancin jihohi masu biya suna so ka yi rajista da ofishin samar da aiki na inda kake. Sunan ofisoshin gaba ɗaya American Job Center, sai dai kowace jiha da sunan da take kiran nata: OhioMeansJobs a Ohio, NCWorks a North Carolina, PA CareerLink a Pennsylvania, Workforce Solutions a Texas. Shafin CareerOneStop na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya yana nuna maka mafi kusa da kai in ka sa lambar unguwarka ta gidan waya. Ka yi rajistar a makon farko, ka ajiye shaidar da ta nuna ranar, domin jiha mai biya tana iya cewa ka turo.

Yawan neman aikin da za ka yi duk mako, dokar jiha mai biya za ka bi sai in ita ta ce maka ka bi ta inda kake. New York uku take so, Ohio biyu, Florida yawanci biyar. Ka riƙe littafi: rana, sunan kamfani, irin aikin, yadda ka nema, da amsar da aka ba ka. Ana iya neman wannan littafin watanni bayan ka daina karɓa.

Akwai wani abu da ya shafi sana'o'in da mutanenmu suka fi yi, kuma ba a cika faɗa ba. Lasisin aiki da yawa na jiha ne. 'Yar'uwa mai takardar kula da tsofaffi ko ta taimakon nas, ɗan'uwa mai lasisin gadi, mai lasisin tasi na birnin New York, duk ba za su fara aiki da takardunsu a Ohio ko Texas haka kawai ba. Direban babbar mota kuma doka ta ba shi kwana 30 ya mayar da lasisinsa na CDL zuwa jihar da ya koma. Ka fara neman mayar da takardarka tun kafin ka tashi, kuma kafin ta fito ka riƙa neman ayyukan da za ka iya farawa gobe, kamar na sito ko masana'anta ko kanti. Idan ma'aikacin hukuma ya tambaye ka wane aiki kake shirye ka yi yau, ya zama kana da amsa. Haka nan in ka koma ƙaramin gari inda babu irin aikinka sam, za su iya tambayarka ko har yanzu kana cikin kasuwar aiki. Faɗaɗa nemanka shi ne kariyarka.

In wasiƙa ta zo tana kiranka ganawar duba cancanta a ofishin tsohuwar jiha, kada ka yi biris da ita don ka yi nisa. Ka kira kafin ranar, ka ce ka tashi, a mayar maka ita ta waya ko a ɗauke maka. Rashin zuwa ba tare da magana ba yana tsayar da biya.

Ɗan aikin da ka samu a gefe

Sabon zuwa gari, wani zai ce zo ka taya ni a shago, ko ka fara kai abinci da mota. Ka yi, amma ka faɗa a rahoton makon da ka yi aikin, ba makon da aka biya ka ba, kuma ka faɗi kuɗin kafin a cire haraji. Faɗin ba lalle ya kashe maka mako ba. A New York, tun Agustan 2021, awa ake ƙirgawa: har awa 10 a mako ba a rage komai, 11 zuwa 16 ana ba ka kashi 75 cikin ɗari, 17 zuwa 21 rabi, 22 zuwa 30 kashi 25, sama da 30 babu.

Wanda ya ɓoye kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. Kowane kamfani a Amurka yana kai sunan sabon ma'aikaci ga hukuma cikin kwana 20, sunayen kuma suna taruwa a rajista ɗaya ta ƙasa da duk jihohi ke dubawa. In an kama da gangan ka yi, za ka mayar da kuɗin da tarar da ba ta gaza kashi 15 cikin ɗari ba, ana iya cirewa daga rarar harajin da kake jira, kuma sabuwar jiharka tana iya karɓar wa tsohuwar bashinta daga duk abin da za ta biya ka nan gaba. Ga mai neman zama ɗan ƙasa, tabon zamba abu ne da ya kamata ya guje wa da nisa.

Tafiya gida ko Saudiyya daban ce

Duk abin da na faɗa ya tsaya ne a jihohi hamsin da birnin Washington da Puerto Rico da tsibiran Virgin na Amurka, sai Kanada da ke da yarjejeniya da Amurka tun 1942. Kano da Yamai da Kumasi da Makka ba sa ciki. In rasuwa ta kira ka gida, ko ka samu Umara, ka daina cike rahoto daga ranar da ka fita har ranar da ka dawo, sannan ka sake buɗe fayil ɗin. Kada ka cike daga can, kada ka yi amfani da manhajar ɓoye wuri, kada ka ba ƙaninka lambar sirri ya cike maka. New York musamman tana toshe fayil idan ta ga an shiga daga ƙasar waje. Kuɗinka za su jira ka in ka dawo cikin shekarar fayil ɗin.

In har an tsayar da biya

Ka karanta wasiƙar hukuncin har ƙasa, ranar ƙarshe ta ɗaukaka ƙara tana jiki. Texas kwana 14 take bayarwa, Florida 20, Ohio 21, New York da California 30, kuma ƙirgen yana farawa daga ranar da aka aiko wasiƙar, ba ranar da ta iso hannunka ba. Ka ga dalilin da ya sa na nace a kan adireshi. Ka ɗaukaka ƙarar a rubuce ga jiha mai biya, ko da layi biyu ne, ka ci gaba da cike rahoto duk mako yayin da kake jira, domin in ka yi nasara makonnin da ka cike kawai za a biya ka. Zaman sauraron ƙara ga na nesa ta waya ake yi. Ka nemi tafinta tun da wuri, kuma ka lura da agogo: ƙarfe tara a New York ƙarfe takwas ne a Houston, shida a California. Ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta suna karɓar irin wannan ƙara, ka nemi na jihar da ke biyanka.

Wanda bai buɗe fayil ba tukuna, da wanda ya bar aiki da kansa

In an sallame ka sannan ka tashi kafin ka nema, ka nema daga jihar da ka yi aikin, ta intanet ko waya, da sabon adireshinka. Yawancin jihohi suna raba shekara zango huɗu na wata uku-uku, su ɗauki zango biyar na ƙarshe da suka cika, su duba huɗun farko. Wanda ya nema a Nuwamban 2025, albashinsa na Yulin 2024 zuwa Yunin 2025 za a duba. In a cikin wannan lokaci ka yi aiki a jihohi biyu, a ce New Jersey da New York, kana da damar a haɗa albashin wuri ɗaya, ka kuma zaɓi wadda za ta biya ka a cikinsu. Ka tambayi kowacce nawa za ta ba ka da mako nawa kafin ka zaɓa, don bambancin yakan kai ɗaruruwan daloli a mako.

Wanda ya ajiye aiki da kansa don kawai yana son sauya gari, yawanci ba a biyansa. Bin miji ko mata da aiki ya mayar wata jiha yana da nasa hukunci: New York da California suna iya karɓarsa a matsayin uzuri, Texas takan hana na wasu makonni sai in iyalin soja ne. 'Yar'uwa da za ki bi maigida, ki ajiye takardar sabon aikinsa, kuma ki fara tambayar wurin aikinki ko za su iya mayar da ke reshensu na can kafin ki rubuta takardar ajiye aiki.

In ka samu aiki a sabuwar jiha, ka daina cike rahoto daga makon da ka fara cikakken aiki. In aikin ya sake tsayawa kafin mako 52 na fayil ɗinka su cika, kuma da ragowar kuɗi, tsohuwar jiha za ka koma ka sake buɗewa. Bayan shekarar ta cika ne sabon fayil zai bi inda sabon albashinka yake.

Saura haraji. Gwamnatin tarayya tana karɓar haraji a kan waɗannan kuɗi, kuma kana iya cewa a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe. A ƙarshen Janairu jiha mai biya za ta fitar maka da fom 1099-G, wasu ta gidan waya, wasu kamar New York sai ka sauke da kanka daga asusunka, don haka kada ka yar da lambobin shigarka ko bayan ka samu aiki. Texas da Florida ba su da harajin albashi na jiha, California da New Jersey da Pennsylvania ba sa taɓa kuɗin rashin aiki, New York kuwa tana karɓa. Shekarar da ka tashi, ka faɗa wa mai cike maka takardun haraji ainihin ranar da ka koma, domin mai yiwuwa sai ka cike na jihohi biyu.